Sharhi a kan "Histoire Mawri": Tarihin Arewa da Bakin Masu Ba da Shi

A shekarar 1970 aka buga littafin Marc-Henri Piault mai suna "Histoire Mawri" a birnin Paris. Marubucin ya bi garuruwan Dallol Mawri, ya zauna da tsofaffi, ya tattara abin da suka riƙe game da Gubawa, 'yan ƙasa masu Lugu da Bagaji, da kuma Arawa masu sarauta, waɗanda ke danganta asalinsu da Barno. Haƙiƙa aikin ya cancanci yabo, domin ya nuna yadda sarauta ta zauna a kan ƙasar da tun da fari take hannun Sarauniya da Baura.

Amma mai nazarin harshe zai rufe littafin da sauran ƙishirwa. Da Faransanci aka rubuta shi, saboda haka abin da ya iso ga mai karatu shi ne ma'anar zancen tsofaffin, lafazinsu kuwa ya tsaya a hanya. Ba'are yakan ce "sunka tahi" inda Bakano zai ce "suka tafi", ya ce "shina" a madadin "yana", ya ce "ɗiya" a gurbin "'ya". Fassara ba ta ɗaukar irin wannan. Haka abin yake ga littafin Adeline Masquelier na 2001 a kan bori a Dogondutsi, wanda ya fito da Ingilishi.

Abu na biyu, tarihin asali da jerin sarakuna zance ne gyararre, wanda aka saba maimaitawa a fada. Harshen yau da kullum yana fitowa ne sa'ad da mahauci ko maƙeri ko tsohuwa mai saƙa ta ba da labarin rayuwarta: aure, goyo, shekarar yunwa, tafiya cin rani. A nan ne sunayen itatuwa da kalmomin sana'a da na al'adun Azna suke, kuma su ne ke fara ɓacewa idan sana'ar ko al'adar ta mutu.

Kada a ce Arewanci ya fi ƙarfin wannan. A kudu, wajen Gaya, yawancin Kyangawa sun bar harshensu sun koma Dendanci da Hausa. A Honduras ma, an yi ƙoƙarin adana abin da ya rage na harshen Pesh.

Don haka littafin Piault yana bukatar ɗan'uwa. Ya kamata a ɗauki muryoyin tsofaffin Matankari da Tibiri da Lugu, maza da mata, a rubuta su yadda suka faɗa ba tare da an mayar da su daidaitacciyar Hausa ba, sannan a aza fassara a gefe. A kuma mayar wa kowane gari kwafin abin da aka ɗauka a cikinsa.