Hira ko Shawara? Nazari a kan Littafin The Best of Enemies

Wannan littafi, wanda Osha Gray Davidson ya wallafa a 1996, labarin gaskiya ne na mutum biyu a garin Durham, cikin jihar North Carolina ta Amurka. Ɗaya ita ce Ann Atwater, baƙar mace matalauciya, mai tsaya wa 'yan'uwanta a kan maganar gidaje. Ɗayan kuwa C. P. Ellis ne, farin fata, shugaban reshen Ku Klux Klan na garin, watau ƙungiyar nan da aka gina bisa ƙin baƙar fata. Bayan kotu ta umurta a gama 'ya'yan farare da na baƙaƙe a makarantu, sai a 1971 aka shirya taro na kwana 10 don a duba yadda za a yi. Mai shirya taron, Bill Riddick, ya sa su biyun su shugabance shi. A daren ƙarshe Ellis ya keta katinsa na ƙungiya a gaban jama'a. Suka zama aminai, har Atwater ce ta yi jawabi wajen jana'izarsa a 2005.

Masu ba da labarin nan sun saba cewa magana ce ta kashe ƙiyayya. To, amma wace irin magana? Hausa ta raba hira da shawara. Hira ana yin ta da wanda rai ya ke so, ana kuwa iya tashi a kowane lokaci. Shawara kuwa wata bukata ce ke ɗaure mutane a kanta, ko suna ƙaunar juna ko ba sa yi. Abin da ya gama Atwater da Ellis shawara ce, hira daga baya ta zo. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Waɗannan kuwa sun daɗe da saɓawa tun ba su zauna ba. Da zaman ya zama tilas, sai kowa ya ji cewa ana tsangwamar 'ya'yan ɗan'uwansa a makaranta sabo da wannan aiki, kamar yadda a ke tsangwamar nasa.

A nan ne ƙarfin littafin ya ke. Mai karatu zai iya ƙosawa, domin mawallafin ya daɗe yana ba da tarihin Durham kafin ya zaunar da su wuri ɗaya: masana'antun taba da na saƙa, da attajiran farare, da kuma attajiran baƙaƙe na kamfanin inshora na North Carolina Mutual. Amma ba don wannan shimfiɗa ba, da ba mu gane abin da Ellis ya gano ba, watau shi, ɗan leburan masaƙa, talaka ne kamar Atwater. Ga ɗalibin harshe, labarin duka na kalma guda ne, "mu": da can farare ta ƙunsa, sa'an nan ta koma ta ƙunshi talakawa. Shi ya sa bai tsaya ga tuba ba, ya shiga aikin ƙungiyar ma'aikata, wadda ta haɗa baƙi da fari.

Duk da haka akwai abin lura. Mutum ɗaya ne ya juya, ba ƙungiyarsa ba. Abokansa na da ma guje masa suka yi. Kuma irin wannan labari yakan ɗora nauyin haƙuri a kan wanda aka zalunta, ya bar yabo ga wanda ya tuba. Fim ɗin da aka yi daga littafin a 2019, a ganina, ya faɗa cikin wannan rami, don ya fi ba sauyin zuciyar Ellis fili bisa ga wahalar Atwater.

Malamin da zai karanta littafin da ɗalibansa, ya kamata ya tambaye su: da ba a ɗora wa mutanen nan aiki guda ba, da me zai zaunar da su?