Kwalliyar Mota a Kano: Daga Burushin Mai Fenti Zuwa Allon Waya

A Kano ta yau, mota kan sauya kama a cikin waya tun kafin bakanike ya taɓa ta. Mai ita zai ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe, ya tura wa matashin da ya iya Photoshop ko PicsArt. Shi kuma ya yanko motar, ya ɗebo bamba da fitilu da ƙafafu daga hoton wata sabuwa, ya ɗora mata. Gwanintar tana wajen daidaita kusurwa da haske. In inuwar bamba ta faɗi hagu, ta jikin motar ta faɗi dama, ko yaro ya san haɗi ne.

Sana'ar tana da tushe. Manyan motoci masu bodin katako irin su Mercedes 911, da suka daɗe suna jigila tsakanin Kano da Kudu, masu fenti ne suka ƙawata su da zaki da ɗawisu da masallaci, ga addu'a, ga habaici ga mahassada. A wancan zamani direba da baki yake kwatanta abin da yake so, sauran sai abin da burushi ya fitar. Photoshop, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, shi ya juya lamarin daga baya. Yanzu hoto ne yarjejeniya. Da shi ake ciniki da mai gyaran bodi, da shi ake zuwa Ƙofar Ruwa neman kaya, kuma shi ake zarowa in aiki bai yi ba.

A Turai da Japan, masu wannan wasa sun fi son duƙar da mota har ta kusa shafar kwalta. Wannan salo bai karɓu a cikin ganuwa ba, domin motar da za ta ratsa lungunan Kabara da Mandawari, ta tsallake kwata da tudun rage gudu, tana bukatar tsayi. Don haka kwalliyar Kano ta tattara a fuska da fenti da gilashi da rubutu.

Adaidaita sahu ta fi nuna haka. Ta shigo a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta cika gari bayan an hana acaɓa a Janairun 2013. Launinta ruwan ɗorawa ne, lambar hukumar KAROTA kuma dole a gan ta, saboda haka filin da ya rage wa direba shi ne tamfol na baya da gefen gilashi. A nan ake liƙa sitikar da aka tsara a CorelDraw: malami, ɗan siyasa, tauraron Kannywood, ko tambarin ƙungiyar ƙwallo. Lokacin Maukibin Ƙadiriyya, wanda ke tashi daga gidan Shehu Nasiru Kabara duk shekara, ababen hawa sukan sha korayen tutoci da hotunan shehunai, mafi yawansu an haɗa su ne a kwamfuta.

Masu hannu da shuni nasu ya wuce sitika. Tsohuwar Lexus LX570 ko Land Cruiser ake cire wa fuska da baya, a ɗaura mata na sabon yayi, galibi kayan Sin. Injin da ƙashin motar suna nan yadda suke.

A nan ne kwalliya ke iya zama rufa-ido, musamman da cinikin mota ya koma WhatsApp da Facebook, inda ake goge lotsawa da tsatsa a hoto cikin 'yan mintuna. Shi ya sa gogaggun masu saye ba sa biyan kuɗi sai sun je da bakanikensu, ya duba lambar jikin motar mai harafi da lamba 17. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekarar samfurin, kuma sauya bamba ba ya taɓa shi.