Ɗakin da Ba a Cika Ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Jibiya, ta wuce shingen kwastan na Magama ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san cewa garin Jibiya masaukin masu wucewa ne, watau direbobi da dillalai da ma'aikatan iyaka, da kuma, a 'yan shekarun nan, mutanen ƙauyuka waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Saboda haka da yawansu ɗaki guda suke haya, in abin ya yi kyau ciki da falo. A irin waɗannan ɗakuna ne wani salo ya soma shigowa ta wayar hannu, wanda ke kira ga taƙaita kaya: a shafe bango da farin fenti, a ajiye kujera guda da ɗan teburi, a ɓoye sauran tarkace, a bar fili ya zama shi ne ado.

Asalinsa dai daga nesa ne. Makarantar Bauhaus da aka kafa a Jamus a 1919 ta koyar da cewa amfanin abu shi ke yanke siffarsa, shugabanta na ƙarshe kuwa, Mies van der Rohe, ya tafi da wannan ra'ayi Amurka. Daga baya aka gauraya shi da al'adar Japan, inda ake naɗe shimfiɗa da safe a jefa cikin kabat, har littafin Marie Kondo na 2011 ya kai maganar gidajen talakawan birane.

Amma fa mai hankali zai lura cewa Bahaushe bai jira Jamus ba. Zauren malami na da, in aka ɗebe buzu da tabarma, da buta, da allo da tawada, da gafakar da ke rataye a bango, babu abin da ido zai sauka a kai, kuma wannan ba rashi ba ne, zuhudu ne da ƙana'a, waɗanda Imamu Gazali ya keɓe musu babi a cikin Ihya'u, aka kuma ruwaito su daga halayen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Bambancin kawai shi ne niyya: malami ya rage kaya don kada duniya ta shagaltar da zuciyarsa, alhali mai salon zamani, sau da yawa, yakan rage ne don a ga ya rage, har kujerarsa guda ta fi kayan zaure goma tsada.

Inda nake jayayya da masu wannan kira shi ne wurin da suke ƙyamar jere. Na sha jin samari masu shirin aure suna cewa ɗakin amarya tarkace ne, kwanuka da samira da tangaran an gwama su tun daga ƙasa har rufi, ga gado ya cinye rabin ɗaki, mutum ba ya samun wurin shimfiɗa sallaya. Gaskiya ne akwai israfi a ciki, akwai kuma gasa da ke karya iyaye. Sai dai wanda ya ɗauki jere ado ne kurum bai fahimce shi ba, domin kayan ɗaki mallakar mace ne, ba na miji ba, su ne taskarta da shaidar gatanta. Lokacin da gwamnati ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, wadda ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kasuwa ta mutu, maza suka zauna, na ga ɗakunan da jerensu ya riƙa raguwa sahu sahu, kowane gurbi a kabat yana nuna kwanon masara da aka auno. Farin bango ba ya sayuwa ran da babu.

Shi ma farin fentin, hunturu guda ya ishe shi. Kujera mai cin mutum biyu kuwa ba ta san ranar suna ba.

Abin da ya dace da ƙaramin ɗaki a nan, a ganina, hikimar naɗewa ce, wadda ta sa ɗaki guda yake zama ɗakuna uku gwargwadon lokacin yini. Na taɓa kwana wurin wani direba mai jigila zuwa Maraɗi, ɗakinsa bai fi taku huɗu ba kowane gefe. Bayan asuba ya jingine katifa da bango, ya rufa mata zane, ya tura akwatin ƙarfe ƙarƙashin taga ya zama mazauni, ya warware tabarma, sai ga mu mutum shida zaune muna shan koko. Da muka tashi ya naɗe ta, ya rataye butarsa a ƙusa, ya ce mini: "Malam, mu tafi kafin layi ya yi tsawo a Magama."