Inuwar Tsakar Gida da Madogara Mai Ƙafa Uku: Nazari Kan Hotunan Seydou Keïta

Wanda ya tsaya gaban hotunan da Seydou Keïta ya ɗauka a Bamako daga 1948 zuwa farkon shekarun 1960, atamfa ce ke fara kama masa ido, ɗaya a jikin mace, wata shimfiɗe a bayanta. Sai kallo ya yi nisa ake lura da fuskokin. Baƙar fata ce, amma ba ta dushe ba. Ana ganin tudun kunci da ƙyallin ƙwayar ido, kuma farar rigar da ke daf da fuskar ba ta ƙone ta rasa ɗinkinta ba. Wannan yana gagarar masu kyamara mai tsada da yawa a yau. Dalili, a ganina, shi ne ana koya wa sababbin masu ɗaukar hoto zaɓen haske a matsayin darasi guda, kafa kyamara kan madogara mai ƙafa uku kuma darasi na daban, alhali na farkon ne ke tilasta na biyun.

Keïta ya fi yin aiki a tsakar gidansa da hasken rana, kuma duk wanda ya san ranar Sahel ya san ba a tsayar da mutum a ƙarƙashinta da tsakar rana. Daga bisa kai take saukowa, ta cika kwarmin ido da duhu, ta ja baƙar inuwa a ƙarƙashin hanci da haɓa. Taushin haske ya dogara ne ga faɗin wurin da yake fitowa idan an gwada shi da girman abin da ake ɗauka. Rana ƙarama ce a sararin sama, shi ya sa inuwarta ke da kaifi. A cikin inuwar bango ko rumfa kuwa, sararin sama gaba ɗaya da katangun da ke kewaye su ne ke ba da haske, sai ya lulluɓe fuska a hankali. Wannan ya fi muhimmanci ga baƙar fata, domin siffarta a hoto daga sheƙinta take fitowa. Haske mai ƙunci yana barin tabo mai ƙyalli a goshi da karan hanci, sauran fuskar ta nutse. Haske mai faɗi da ya zo ta gefe, ɗan sama da kai, yana shimfiɗa sheƙin daga kunci zuwa haɓa, kuma farin bango ko farin ƙyalle a ɗaya ɓangaren ya isa ya mayar da ɗan haske inda ya yi duhu.

Sai dai inuwa tana da farashi. Hasken cikinta yakan gaza na fili sau huɗu zuwa takwas, kuma idan ba a ƙara wani haske ba, hanyoyin cike giɓin uku ne kawai. A buɗe idon kyamara sosai, sai fuska ta fito tar amma zanen baya da hannayen da ke gaba su yi hazo. A yi amfani da fim mai saurin kama haske, sai hoto ya yi tsaki-tsaki. Ko kuma a bar ƙofar kyamara a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo. Keïta yana aiki da babbar kyamara mai fim na santimita 13 da 18, irin wadda dole a tsuke idonta kafin komai ya fito daidai, don haka hanya ta uku ce ta rage masa. Hannun ɗan Adam kuwa da wuya ya riƙe kyamara ba rawa idan lokacin ya wuce kusan kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Madogara ce ke saya wa mai hoto wannan lokacin. Tana kuma sakin hannayensa da idanunsa, ya bar kyamara a inda ya saita ta, ya je ya gyara faɗuwar mayafi, ya juya haɓar mutum zuwa haske, ya aza masa hannu kan rediyo ko babur ɗin Vespa da ake ajiyewa don masu zuwa. An san shi da ɗaukar hoto ɗaya tak ga kowane mai ciniki, kuma ba a iya yin haka sai an gama duk shawara kafin a danna. Shaidar aikin ta bayyana daga shekarun 1990, lokacin da aka buga waɗannan ƙananan hotuna da girma don nune-nune a Turai, zaren atamfa da gashin gira suka fito ba rawa.

Za a ce to ina Malick Sidibé, wanda shi ma a Bamako ya yi ta yawo gidajen rawa da kyamara a hannu da filashi, har ya samu babbar lambar yabo a baje kolin Venis a 2007? Ina Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai ta wannan hanya? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ne madogara ba ta da wurin zama a filin rawa. Amma a duba abin da Sidibé ya biya. Walƙiyar filashi ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, ita ce ke daskarar da motsi a madadin madogara, sannan ƙarfinta yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da nisa ya ninka. Shi ya sa masu rawar gaba ke haske, na baya suna shiga duhu. Ya karɓi wannan da saninsa domin motsi yake nema. Mai hoton biki da ke watsa wa amarya filashi a tsakiyar fuska tana zaune cak, ya biya farashin ne bai sayi komai ba.

Suka ta biyu ita ce wayar hannu ta kashe wannan magana. Wayoyin zamani suna ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin duhu, su haɗa su wuri ɗaya, kuma suna rage rawar hannu. Duk da haka lokacin suke nema: iPhone takan tsaya kan 'yan daƙiƙu idan tana hannu, sai ta ji an kafa ta kan abin da ba ya motsi take kaiwa daƙiƙa 30. Abin da manhaja ke iyawa shi ne ƙara yawan haske, ba ta da ikon sauya inda ya fito. Ga kuma matsalar da ke faruwa kowace Sallah, mutum sanye da farar shadda a fili, ma'aunin haske ya bi farin kaya ya rage, fuska ta yi duhu, ko ya bi fuska, aikin wuyan riga ya ɓace. Tazarar da ke tsakanin fari da baƙi ce ta yi yawa, kuma shiga inuwa ne ke rage ta. Da an shiga inuwar, musamman da yamma ko cikin ɗaki kusa da taga, haske ya ragu, wayar ta tsawaita lokaci, sai a koma neman abin da za a ɗora ta a kai.