Gwanintar Feɗe Littafi

Ko a Mabai, ko a Faskari, ko a Sabuwa, da wuya ka rasa matashin da ya taɓa karanta Ruwan Bagaja ya sha dariya. Amma wanda ya iya nazarinsa daban yake, kuma ni irin wannan gwani yana burge ni ƙwarai, malami ne ko ɗalibi.

Tambayi ɗan aji jigon littafin, sai ya ce maka neman ruwa ne. Gwani zai ce masa wannan ai labari ne, jigo yana ƙarƙashinsa. Me ya fitar da tauraron littafin, Alhaji Imam, daga gida? Wulaƙancin da aka yi wa Liman, uban riƙonsa, a fada, don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da Yarima. Ashe tafiyar ta wanke mutuncin uba ce, da juriya wajen cika abin da aka ɗauka.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen taurari. Malam Zurƙe ɗan Muhamman da Alhaji Imam kullum cikin ramuwar gayya suke, wannan ya shirya wa wancan tuggu, wancan ya rama. Mai karatun gaggawa sai ya yanke cewa Zurƙe ne mugu. Mai nazari kuwa sai ya dakata ya tambaya: daga bakin wa muke jin labarin? Daga bakin Alhaji ne, shi ke ba Koje Sarkin Labari labarin. Duk abin da muka sani game da Zurƙe, abokin hamayyarsa ne ya faɗa mana. Da zarar ɗalibi ya gano haka, ya fara auna magana da mai faɗinta, abin da zai amfane shi har a kasuwa da majalisa.

Wannan dabara ta labari cikin labari, marubucin littafin Abubakar Imam ya yi ta ne yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, lokacin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Daga baya ya faɗaɗa ta a Magana Jari Ce, inda aku ke riƙe da zaren hira.

Malaman Hausa na makarantun ƙasar Ƙanƙara, don Allah ku rage bai wa yara jigo su haddace saboda jarrabawa. Ku ba su littafin a hannu, ku jefa musu tambayar, su yi gardama a aji har su tono amsar da kansu.