Nanata Sauti a Sonata ta 141 ta Scarlatti

Domenico Scarlatti (1685-1757), mutumin Napoli da ya ƙare rayuwarsa a hidimar fadar Sifen, ya bar sonata 555 bisa lissafin Ralph Kirkpatrick na 1953, watau kiɗan mutum ɗaya ba tare da waƙa ba. Ta 141 ta ɗoru ne a kan sauti guda da ake ta nanatawa cikin gaggawa, har a zaci ƙarancin fasaha ne. Ko kusa. Hafsikod, abin kiɗan da aka tsara ta dominsa, tsunkular tsirkiya yake yi, amon kuwa nan da nan yake mutuwa, sai da nanatawa ake ja masa rai. Kunnen da ya tashi a Koki cikin birnin Kano, ya saba da garaya da gurmi da kuntigin Ɗanmaraya Jos, ba ya bukatar wannan bayani. Inda zai yi tuntuɓe shi ne wajen neman take, domin kiɗan Hausa yakan goyo magana, wannan kuwa ba ta kiran sunan kowa. Masu kaɗa ta da fiyano, inda amo ke daɗewa, lalle sun nuna zafin hannu, amma rabin hujjar nanatawar ya kuɓuce musu.