Wasan da ba a cin kowa

Ya kai mai karatu, ka san dara. Gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, mutum biyu sun sa juna gaba. In an tashi, ɗaya na dariya, ɗaya na cizon yatsa. To, yau ga labarin wani wasan allo da ba haka yake ba. Sunansa Pandemic, wato annoba. Wani mutumin Amurka, Matt Leacock, shi ya ƙago shi, ya fito a 2008.

Ga yadda ake yin sa. Allon taswirar duniya ce, da birane 48. Cikinsu akwai Legas, Khartum da Alƙahira. Mutum 2 zuwa 4 ke zama. Cuta iri 4 ta ɓulla, kowace da launinta. Kowa da aikinsa: wani likita ne, wani mai binciken magani, wani mai gina ɗakin bincike. In layi ya zo kanka, abu 4 kaɗai za ka yi, kamar tafiya, ko jiyya, ko gini, ko miƙa wa ɗan'uwanka karta. Kana gamawa, sai cuta ta ƙaru a wasu birane. In ta yi wa birni yawa, sai ta tsallaka maƙwabta.

In kun gano maganin cutukan 4, duk kun ci. In cuta ta ɓarke sau 8, ko kartoci suka ƙare, duk kun faɗi. Babu gwani shi kaɗai.

Abin yabo a nan babba ne. Ba caca ba ce, ba a zuba kuɗi. Miji da mata da yara manya na iya zama bayan tuwon dare, cikin minti 45 an gama, ba mai tashi da fushi. Kuma wasan ya faɗi gaskiya. Wanda ya ga shekarar sanƙarau ko ta ƙyanda ya san cuta ba ta tsayawa ƙofar gida guda.

Amma yana da aibi, ba za mu ɓoye maka ba. Tunda kowa na ganin allo, mai bakin magana yakan ƙwace wasan. Shi ke cewa: kai je can, ke ba shi kartarki. Sauran sai su koma ƴan kallo. Ka taɓa zama taron ƙungiyar manoma inda mutum guda ya yi magana tun farko har ƙarshe? To, haka nan ne. An ce gayya, amma hauya ɗaya ke noma. Dara ta fi shi a nan, don ba mai tura maka ɗa.

Aibi na biyu: allon bai san ƙauye ba. Birane kaɗai gare shi, alhali mutumin karkara shi ya fi nisa da likita. Kuma sai an iya karatu, don akwai rubutu bisa kartoci.

Duk da haka wasan ya cancanci zama. In ya faɗo hannunku, ku kafa doka tun farko: mai layi shi ke yanke shawara, sauran su ba da ra'ayi sau ɗaya su yi shiru. Ku fara jin ta bakin ƙarami. Ko an faɗi, an koyi sauraro.